Bonsai: abin da ya raba shawarar wucewa da karatu a gaban malami

Masu sana'ar bonsai a ƙasar Japan suna da wata magana da suke tarbar sabon ɗan koyo da ita: "mizuyari sannen", wato koyon ban-ruwa kaɗai shekara uku yake ci. Shi kuwa wanda ya sayi ƴar bishiya a kasko a wani babban kanti a Faransa ko Beljiyam, ko a wajen masu sayar da furanni a manyan biranenmu, in ya tambayi yadda zai kula da ita, amsar ba ta wuce daƙiƙa biyar: "Ka riƙa ba ta ruwa sau biyu a mako." Dukansu a kan abu ɗaya suke magana, ruwa da bishiya da kasko. Mai kanti bai yi niyyar cutar kowa ba, kuma a wasu watanni maganarsa tana iya dacewa. To me ake koya a cikin shekara ukun nan da ba ya shiga cikin daƙiƙa biyar?

Tambayar ta shafe mu, domin hotuna da bidiyon waɗannan ƙananan bishiyoyi sun cika wayoyinmu, kuma daga Kumasi zuwa Garwa da Njamena ba a rasa matashin da ya gani ya yi sha'awa, ya tsiro da kuka ko tsamiya a gwangwani yana neman wanda zai gaya masa mataki na gaba. Masu gaya masa kuwa sun yi yawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin wace magana ce za a ɗora aikin shekara goma a kanta.

Kalmar bonsai ta Japananci ce: "bon" faranti ko kasko, "sai" shuka. Asalin sana'ar daga ƙasar Sin ne, inda ake kiranta penjing. A bangon kabarin yarima Zhanghuai, na shekarar 706, akwai zanen bayi ɗauke da faranti mai ƴan duwatsu da tsirrai. A Japan kuma ana ganin bishiyoyin kasko a wani dogon zane na shekarar 1309. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, bonsai ba wani irin itace ba ne mai wadanci a jininsa. Itace ne kamar kowane; in ka cire shi daga kasko ka dasa a gona zai girma ya kai girman danginsa. Abin da ke riƙe shi ƙarami shi ne aski na rassa, rage saiwa lokaci zuwa lokaci, da ƴar ƙasar da sau da yawa zurfinta bai wuce tsawon yatsa ba. Wannan ƙarancin ƙasa shi ne tushen komai. Bishiyar daji tana da rumbu a ƙarƙashinta, in an yi fari ta miƙa saiwa ta nemi laima. Ta kasko ba ta da rumbu, mai ita ne rumbunta.

A watan Janairun 2019 ɓarayi sun shiga wani tsohon lambu a Kawaguchi, kusa da Tokyo, suka kwashe bonsai bakwai, ciki har da wata mai kimanin shekara 400. Roƙon da matar mai lambun ta yi wa ɓarayin, wanda kafofin labarai na duniya suka ɗauka, shi ne su taimaka su riƙa ba ta ruwa, domin ba za ta kai mako guda babu shi ba. Shekara 400 na aikin hannu, mako guda na sakaci ya isa ya gama da shi.

Abin da shawara ke zubarwa a hanya

Shawarar wucewa, ko ta aboki ce, ko ta mai sayarwa, ko ta bidiyon minti ɗaya a TikTok, yawanci gaskiya ce da aka yanke mata ƙafafu. Wani ya yi abu ya yi masa kyau, sai ya faɗi abin da ya yi, ya bar sharuɗɗan da suka sa ya yi kyau, galibi don shi kansa bai lura da su ba. "Sau biyu a mako" ya yi daidai ga wata bishiya, a wata ƙasa mai riƙe laima, a wani ɗaki mai sanyi. A lambunan Japan, cikin zafin watan Agusta, ana ba wasu bishiyoyi ruwa sau biyu ko uku a rana, cikin sanyin Janairu kuwa sai a yi kwanaki ba a ba su ba. A jere ɗaya ma, kasko biyu da ke maƙwabtaka ba sa shan ruwa daidai: wannan an sake masa ƙasa watan jiya, saiwarsa ba ta fara ja ba, wancan ganyensa ya cika, yana bushewa kafin azahar, na ukun yana jinya, in ka cika masa ruwa saiwar ta ruɓe. Ɗan koyon da aka ba butar ban-ruwa a lambu mai ɗaruruwan bishiyoyi yana koyon karanta kowane kasko ne da ido da yatsa, ta launin ƙasa, nauyin kasko, yanayin ganye, da iskar ranar. Kuma sai ya ga zagayowar shekara fiye da sau ɗaya kafin ya san bambancin shekarar ruwa da shekarar fari. Daga nan shekara ukun suka fito.

Misalin da ya fi fito da matsalar fili yana wajen itacen da Japanawa ke kira matsu, Faransawa kuma pin, mai ganye kamar allura. Akwai iri biyu da suka fi shahara a bonsai: kuromatsu, wato baƙin matsu, da goyomatsu, mai allura biyar-biyar a ɗaure. Ga baƙin matsu akwai wata dabara da ake kira mekiri, wadda ake danganta gano ta ga Saichi Suzuki na lambun Daiju-en a garin Okazaki. A wajen watan Yuni zuwa farkon Yuli ana yanke sabon tohon da bishiyar ta yi a wannan shekara gaba ɗaya. Sai ta sake yin wani toho na biyu, mai gajerun allurai da gajerun gaɓoɓi, wanda shi ne ke sa ƙaramar bishiya ta yi kama da tsohuwar bishiyar kan dutse. Wanda ya ga ana yi sau ɗaya zai iya faɗa maka cikin jimla guda: "A watan Yuni ka yanke tohon matsu."

Ga abin da jimlar ta zubar. Ana yi wa bishiya mai cikakkiyar lafiya ne kawai, wadda aka ciyar da taki sosai tun farkon shekara. Ba a yi wa wadda ake son gindinta ya ƙara kauri, don dabarar rage ƙarfi ce. Ana janye taki bayan yankan. Babbar bishiya ana yi mata da wuri, ƙarama a jinkirta, domin gwargwadon jinkirin gwargwadon gajartar allurar da za ta fito. Idan kaka ta yi kuma akwai aiki na biyu, na rage sababbin tohon zuwa biyu-biyu da cire tsofaffin allurai, wanda in ba a yi shi ba na farkon ya tashi a banza. Sannan babbar magana: goyomatsu sau ɗaya take toho a shekara. Wanda ya yi mata irin wannan yanka yana iya rasa reshen, ko bishiyar dungurungum. Kalma ɗaya, matsu, ta haɗa su a bakin mai ba da shawara, amma jikinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai wani dalili da ya sa mugunyar shawara ke daɗewa tana yawo a wannan fanni fiye da wasu. Itace ba ya saurin kai ƙara. In makaniki ya ɗaura maka abu ba daidai ba, kafin ka kai gida mota ta tona masa asiri. Bishiya kuwa takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta nuna abin da aka yi mata. Irin itacen da Faransawa ke kira genévrier, wanda ake yawan sayarwa a kantunan Amurka tun bayan da fim ɗin The Karate Kid na 1984 ya sa bonsai ya shiga idon jama'a, yana iya mutuwa ganyensa na nan kore har tsawon makonni. Itacen waje ne, yana bukatar rana da iska da sauyin yanayi, amma an sha sayar da shi a matsayin adon falo. Kafin ya bushe a kan tebur, mai shi ya manta wanda ya ce masa ya ajiye a ɗaki, sai ya ɗora wa kansa laifi, ya ce hannunsa ne ba ya karɓar shuka. Shi kuma mai shawarar bai taɓa jin labarin gawar ba, gobe zai sake faɗa wa wani. A ganina wannan shi ne babban abin da ya raba hanyoyin biyu, ya ma fi yawan ilimi muhimmanci: malami yana nan ranar da sakamako ya fito, mai shawarar wucewa ya riga ya wuce.

Yadda ake zaman koyo a Japan

Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, wasu masu lambunan bonsai sun bar birnin suka koma Omiya, a lardin Saitama, saboda kyawun ƙasa da ruwa da iska. A 1925 suka kafa unguwar da har yau ake kira ƙauyen bonsai, inda aka buɗe gidan tarihin bonsai na hukuma a 2010. A irin waɗannan lambuna ne tsarin koyo na gargajiya ya zauna. Ana kiran ɗan koyo deshi, maigidan kuma oyakata, kalmar da farkonta, "oya", ke nufin mahaifi. Zaman yakan ɗauki shekara biyar, sannan a ƙara ta shida ta godiya, wadda ɗan koyo ke yi wa maigida aiki don rama ɗawainiya. Bayan haka ne ƙungiyar masu sana'ar ke ba shi takardar shaida. Duk wanda ya san yadda yaron tela ko aparantin gareji ke zama a wajen ubangidansa har ranar da za a yaye shi, ba zai ga wannan baƙon abu ba.

Masahiko Kimura, wanda aka haifa a Omiya a 1940 kuma ake lissafa shi cikin manyan gwanayen wannan zamani, ya shiga koyo yana ɗan shekara 15 a lambun Toju-en na Motosuke Hamano, ya yi shekara 11 a can. Shi ma daga baya ya yaye ɗalibai, ciki har da Ba'amurke Ryan Neil, wanda ya zauna a wajensa shekara shida daga 2004 zuwa 2010, ya koma jihar Oregon ya kafa lambun Bonsai Mirai.

Abin da ɗan koyo ke fara yi shara ce, da cire ciyawa daga kasake, da wanke kayan aiki, da ɗaukar kaya, da ban-ruwa. Mai kallo daga nesa zai ce bauta ce kawai aka lulluɓe da sunan karatu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, za mu zo kansa. Amma jerin yana da ma'ana. Mai cire ciyawa yana kusantar kowace bishiya da fuskarsa kullum, shi ne zai fara ganin ƙwari ko ganyen da ya sauya launi. Kafin a ba shi waya ya naɗa wa reshe, sai ya daɗe yana warware wadda manya suka naɗa, hannunsa ya bi sawun hannunsu a juye. A littafi dokar naɗin waya gajera ce: kaurin wayar ya kai kimanin kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshe, a naɗa ta a karkace kamar digiri 45, jan ƙarfe ga masu allura, alminiyam ga masu faffaɗan ganye da laushin ɓawo. Hausawa ma sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ba ya rubutuwa shi ne inda za ka tsaya. Reshe yana da wani wuri da in ka wuce shi zai tsage daga ciki, kuma yatsa ne ke jin isowarsa kafin kunne ya ji ƙara. Wannan sai wani ya tsaya a kanka, ya ce "tsaya" a daidai lokacin, sau da yawa, har jikinka ya riƙe.

A aji ma haka abin yake, in mai karatu zai yi mini uzurin kawo sana'ata ta koyarwa. Faɗa wa yaro amsar lissafi abu ne mai sauƙi, kowa a gida zai iya. Aikin malami shi ne ya duba takardar yaron ya gano a wane layi tunaninsa ya kauce, ya san abin da zai ba shi yau da abin da zai ɓoye sai wata mai zuwa. Mai shawara yana amsa tambayar da ka yi masa. Malami sau da yawa yakan ajiye tambayarka gefe, ya nuna maka cewa wadda ta kamace ka daban ce. Sabon shiga yakan zo da tambayar yadda zai lanƙwasa reshe, malami ya ɗaga kaskon ya ce bishiyar nan ba ta da ƙarfin da za a taɓa ta bana, a sake mata ƙasa, a dawo baɗi. Babu mai son jin wannan amsa, shi ya sa ba ta yawo a bidiyo.

Sai maganar alhaki. Yawancin manyan bishiyoyin da ke lambunan gwanaye ba nasu ba ne, na masu kuɗi ne da suka ba da amana, ana shirya su don gasa irin ta Kokufu-ten, wadda ake yi a Tokyo tun 1934. Kuɗin da ke ciki ba na wasa ba ne: a wani babban taro a Takamatsu a 2011 an sayar da goyomatsu guda a kan yen miliyan 100, sama da dalar Amurka miliyan ɗaya. In ɗan koyo ya karya reshe, sunan maigida ne ya karye. Don haka gyaran da ake yi masa ba ya jiran gobe. Ta wannan hanya ce bishiya ke wuce rayuwar mutum ɗaya. Goyomatsun da Masaru Yamaki ya bayar cikin kyautar bonsai 53 da Japan ta yi wa Amurka a 1976 ana renonta tun 1625. Tana gidan Yamaki a Hiroshima ranar da aka jefa bam ɗin nukiliya a 1945, kimanin kilomita uku daga inda ya fashe, katanga ta kare ta. Yau tana birnin Washinton, ta kai shekara 400 a kasko. Cikin waɗannan shekaru babu lokacin da aka rasa wani wanda ya karɓi aikin daga hannun na gabansa, ya san abin da aka yi mata bara da bara waccan.

Kada a ɗauka tsarin ba shi da aibi. Aiki ne daga safiya zuwa dare, hutu kaɗan, kuɗin kashewa kaɗan, kuma a al'adance maigida ba ya yawan bayani, ana sa ran yaro ya saci sana'a da ido. Ryan Neil da kansa ya ba mujallar The New Yorker labari a 2022 kan tsananin da ya sha da tabon da zaman ya bar masa a zuciya. Mu da muka san yadda wasu iyayen gida ke yi da yaran shago ba ma bukatar dogon bayani. Ni dai ban yarda tsawa da wulaƙanci suna cikin abin da ke sa hannu ya ƙware ba. Abin da ke koyarwa shi ne jerin aiki, maimaici, gyara nan take, da daɗewa tare da bishiya ɗaya. Ana iya samun waɗannan huɗu ba tare da an ci mutuncin kowa ba, kuma matasan Japan da ke guje wa sana'ar a yau sun nuna cewa tsohon salon yana korar waɗanda ya kamata su gaje shi.

Tsakanin biyun

Mutum nawa ne zai bar iyali ya tafi Saitama shekara shida? Shi ya sa tun tuni aka nemi hanyar tsakiya. Yuji Yoshimura ya fara koyar da baƙi a aji a Tokyo a farkon shekarun 1950, ya kuma fitar da littafi da Turanci a 1957. John Naka, Ba'amurke ɗan asalin Japan da ya rasu a 2004, ya shafe rayuwarsa yana zagaya ƙungiyoyi yana koyarwa, littafinsa Bonsai Techniques na 1973 ya samo asali ne daga bayanan da yake raba wa ɗalibansa. A Faransa, inda mutane suka fara ganin bonsai a manyan baje-kolin Paris na ƙarshen ƙarni na 19, tarayyar ƙungiyoyin bonsai ta ƙasar tana da jarrabawa mai matakai uku, N1 da N2 da N3. Na farko yana tabbatar da cewa mutum ya iya tushen aiki, na sama kuma na waɗanda za su koyar da wasu ne. A Italiya gidan Crespi da ke kusa da Milan yana da makaranta mai karatun shekaru. Duka waɗannan sun ɗauki jeri da gyara daga tsarin Japan, suka bar kwana a gidan maigida.

Akwai kuma abin da ke sanye da rigar karatu alhali shawarar wucewa ce: nunin da gwani ke yi a dandali, ya ɗauki wata ƙurmusasshiyar bishiya, cikin awa uku ya yanke, ya naɗe, ya mayar da ita abin kallo, a tafa. Abin da ƴan kallo ba sa gani shi ne shekarun da aka yi ana gina mata ƙarfi kafin ranar, da jinyar da za a yi mata bayanta, da waɗanda ba su tashi ba. Darussan intanet na biyan kuɗi, irin na Bonsai Mirai ko Bonsai Empire, sun fi wannan nesa ba kusa ba, domin suna da jeri kuma suna bayyana dalili. Amma allo ba ya ganin hannunka. Kafin mutum ya cire kuɗinsa, musamman mai biya da sefa ko sidi, ya dace ya duba abu biyu: ko akwai hanyar da malamin zai ga bishiyarsa ya yi masa gyara, da kuma itatuwan da darasin ke magana a kansu.

Inda karatun Japan ke komawa shawarar wucewa

Wannan na biyun shi ne ya fi shafar mai karatun da ke Yamai, Marwa ko Tamale. Duk ingancin karatun Omiya, an gina shi ne a kan yanayi mai sanyin ƙanƙara da shekara mai kashi huɗu. Littafi zai ce a sake ƙasa a watan Maris, lokacin da sanyi ke janyewa, toho na kumbura. Watan Maris a Njamena ƙofar bazara ce, zafi na haura digiri 40, iska a bushe. Wanda ya yanke saiwar bishiya a lokacin ya aika ta lahira da littafi a hannunsa. Goyomatsu da momiji, mai jan ganyen nan da ake gani a hotuna, suna bukatar barcin sanyi duk shekara, ba za su daɗe a ƙasashenmu masu zafi ba ko wane gwani ne ya riƙe su. Ƙasar akadama da littattafai ke yabo, wani yumɓu ne mai ƙwaya-ƙwaya da ake haƙowa a yankin Kanto. Amfaninta shi ne tana riƙe laima tana kuma barin iska ta ratsa. Masu bonsai a Indiya sun daɗe suna samun irin wannan aiki daga farfasasshen jan bulo da aka tankaɗe. Wanda ya san dalilin zai nemi madadi a bayan gidansa, wanda ya haddace sunan kawai zai jira jirgi.

Mutanen Afirka ta Kudu sun riga mu shiga wannan matsala, suka kuma fita da abin kansu. Sun koma ga itatuwan ƙasarsu, har suka fito da salon da babu shi a Japan: salon kuka, da salon Pierneef mai shimfiɗaɗɗen kai kamar laima, wanda aka sa wa sunan wani mai zanen da ya shahara da zana itatuwan ƙaya na dajinsu. Charles Ceronio ya tattara waɗannan salo a littafinsa Bonsai Styles of the World. Darasinsu a kan kuka ya fi na kowa amfani gare mu: gindinta tulu ne, idan ta zubar da ganye ta shiga hutu sai a ɗauke mata ruwa, in ba haka ba ta ruɓe daga ƙasa. Sai dai ko nan akwai tarko. Hutun kukarsu yana faɗowa ne daga wajen Mayu zuwa Satumba, lokacin sanyinsu, wanda shi ne tsakiyar daminarmu. Ɗan Garwa da ya karanta "a daina ban-ruwa a watan Yuni" ya bi, zai hana kukarsa ruwa a daidai lokacin da take girma. Dokar ita ce a bi ganye, watan da aka rubuta na masu littafin ne.

Gawo ma ya isa ya koya wa kowa hattara da kalanda. Kowane manomi ya san yana zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke kore shar, ya kuma yi ganye da rani. Babu littafin Japan ko na Faransa da zai gaya maka haka, amma tsohon da ke shuka gero a ƙarƙashinsa ya sani tun yana yaro. Nan ne shawarar bakin hanya take da ranarta. Mai renon dashe da ya shekara ashirin yana cika leda da ƙasa a bakin gulbi bai taɓa jin sunan Kimura ba, amma ya san makon da reshen ceɗiya ko durumi ke kamawa in an kafa shi, ya san tsamiya ba ta gaggawa, ya san abin da gara ke yi wa saiwa, ya san ruwan wace rijiya ke barin farin gishiri a kan ƙasa. Maganarsa a kan siffar bonsai ba hujja ba ce, amma a kan lokacin dashe a garinsa ya fi littafi, domin ya ga sakamakon abin da yake faɗa sau ɗaruruwa. Kariya ma, wadda masu lambu a Tailan suka mayar da ita abin ado na kasko da ake fitarwa ƙasashen duniya, a dajin Sahel take tsirowa da kanta.

Don haka idan shawara ta zo, daga aboki ne ko daga gwanin da ke da mabiya miliyan, akwai ƴan tambayoyin da ke mayar mata da ƙafafunta. A kan wane irin itace ka gwada? A wane gari, a wane lokaci na shekara? Bishiyar tana matakin gina gindi ne ko na gyaran rassa? Me ya faru da ita bayan shekara guda? Wanda ya iya amsa ta ƙarshen nan ya cancanci a zauna a saurare shi. Wanda ya ce ai kowa haka yake yi, a gode masa a wuce.

Wanda ba shi da malami kusa kuma yana iya ara wa kansa wani abu daga tsarin koyo. Maimakon bishiya ɗaya da zai zuba wa dukan sha'awarsa da dukan shawarwarin da ya ji, ya tsiro da iri ɗaya guda goma, ƴaƴan tsamiya ko rassan ceɗiya, waɗanda ba sa cin ko sisi. Shekarar farko kada ya yi musu komai sai ban-ruwa da kallo. Idan damina ta biyu ta kama, ya rage saiwar uku a farkonta, uku a tsakiyarta, ya bar sauran, ya rubuta rana da abin da ya yi a littafi, ya ɗauki hoto duk wata. In ya naɗa wa ceɗiya waya da damina, ya riƙa duba ta duk mako, domin a zafi da laima irin namu reshe yana kumbura da sauri, waya ta nutse cikin ɓawo ta bar zane mai daɗewa. Idan akwai mutum biyu ko uku a gari masu irin wannan sha'awa, su riƙa haɗuwa da kasakensu da littattafansu, musamman a watan Afrilu, lokacin da zafi ke nuna wace ƙasa da wace inuwa suka riƙe bishiya da rai.